Kunun da Ya Kwana Huɗu

Zafin da ake yi a Greensboro bana ya isa a yi magana. Sati uku ke nan ba ɗigon ruwa, jar ƙasar lambunmu ta tsattsage, yakuwata kuwa tun ƙarfe goma na safe take sunkuyar da kai. Lambun fili ne a bayan wani coci kusa da Gate City Boulevard, an yanka wa kowa ɗan rabonsa. Ni na shuka yakuwa da kuɓewa da gauta. Maƙwabcina, wani tsohon Bature da muke kira Mista Wili, dankalin Turawa da kabeji kawai ya sani, kamar wasiyyarsu aka bar masa.

Ranar Asabar da ta wuce 'yata Alheri ta sauke ni a lambun kafin ta wuce asibiti wurin aiki. Ta buɗe bayan mota za ta ɗauko mini fartanya, sai ga gorar kunun zaƙin da na dama, na manta da ita tun ranar da muka je sayayya Wendover. Gorar ta kumbura ta yi tamtsan.

"Mama, please kar ki buɗe wannan abu a motata," in ji Alheri. "It's gone bad. Ki jefa a trash kawai."

Ban jefar ba. Tana tafiya na murɗa murfin, kunun ya yi tsaki ya taso da kumfa, tsaminsa ya bugi hancina. Nan take na nemi bokiti na kifa na zauna.

Mista Wili ya leƙo ta kan kabejinsa ya tambaye ni ko lafiya. Mun saba hira, shi da Turancinsa mai wuyar ji, ni da nawa mai ɗingishi. Mutumin arewacin tsibirin Ailan ne. Ya taɓa gaya mini an raba tsibirinsu gida biyu tun kafin a haife shi, kuma har gobe Katolika da Furotesta ba su gama yarda da juna ba. Garinsu suna biyu gare shi, da ka faɗi ɗaya an san cocin da kake zuwa. Shi Furotesta ne, ya auri 'yar Katolika, zama ya gagare su suka yo nan. Matar ta rasu. Yanzu kullum kunnensa na kan labarin ko wata rana za a yi ƙuri'a a haɗe ƙasar. Wani lokaci ya ce yana so ya ga ranar, wani lokaci ya ce Allah ya sa ya rigaye ta.

Na miƙa masa gorar na ce ya shinshina. Ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan giya ce ko me?"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce ya jawo kujerarsa, wannan tambayar ta girmi 'yata.

Ƙauyenmu yana cikin duwatsun kudancin Kaduna, rafi ya ratsa shi. Gabas da rafi Unguwar Mishan ce, yamma Unguwar Fada. Yarenmu ɗaya, kakanninmu ɗaya, har kuturunmu ɗaya ne, amma ranar Lahadi ƙararrawa biyu ake bugawa. Fadan Katolikan da ya kafa cocin yamma ɗan Ailan ne. Baturiyar da ta buɗe ɗakin shan magani a gabas ita ma daga can ta fito, daga arewa, amma ita Furotesta ce. Mun daɗe muna zaton ƙasashensu nesa suke da juna, don ko a kasuwa suka haɗu sai kowa ya ga wani abu a ƙasa. Da na faɗi wannan, Mista Wili ya rufe fuska da hularsa ya ce ashe har can suka kai mana kayan.

Mu dai ba mu san abin da ya haɗa su faɗa ba. Abin da muka sani shi ne abin sha. 'Yan Fada suna shan burkutu, 'yan Mishan sun haramta. Daga nan gayya ta rabu biyu. A da, in mutum ya kira gayya, garin duka ke fitowa da garma a huɗe masa gona rana ɗaya. Sai aka koma gayyar giya a yamma, gayyar kunu a gabas. Ɗan Mishan ba ya taka gonar da aka ajiye giya. Ɗan Fada kuwa cewa yake kunu abin mai jego ne, ba zai karya bayansa a kansa ba.

Ni 'yar yamma ce, sunana na baftisma Sisiliya. Na ga Yohanna ɗan gabas a kasuwa, ya gan ni, muka nace. Babana ya ce in na haye rafin nan na haye ke nan, ƙafarsa ba za ta taka gidana ba. Ya kuwa riƙe maganarsa, don Baba in ya faɗi abu ko shi kansa ba ya iya janye shi. A gabas aka sake yi mini baftisma a cikin rafin, aka ce wadda aka yayyafa mini ina jaririya ba ta kama ba.

Shekara ta biyu da aurena damina ta yi gardama. Wadda ta gabace ta ma ba ta cika rumbu ba. Muka yi sharar gona da wuri, muka ƙone, muka zauna jiran sama. Wata ya wuce, wani ya kama. Rana takan fito fara fat tun da safe, ƙarfen garma in ka taɓa sai ka janye hannu. Rafi ya ƙafe, muna tonon yashi mu jira ruwa ya taru ludayi ludayi. Awaki suka koma cin ɓawon itace. Kaji suna yawo baki buɗe.

Cin abinci ya dawo sau ɗaya, da la'asar. Da safe mu jiƙa garin ɗorawa mu sha, ya riƙe ciki zuwa wani lokaci, ya bar mana baki rawaya. Tafasa da zogale da rama duk mun yi kwaɗonsu har muka gaji da ganin kore. Ina da cikin wata shida. Yunwar mai ciki daban take, ba ta jin lallashi, nakan tsaya tsakar gida in ga bango yana tafiya. Ana cikin haka kurkunu ya fito wa Yohanna a ƙafa biyu, saboda ruwan kududdufin da muka sha a bara. Kullum yana zaune gindin mangwaro yana naɗe zaren tsutsar a tsinke, kaɗan kaɗan, ko tsayuwa ba ya iyawa. Namiji mai ƙarfi irinsa, sai ya juya fuska in na dawo daga rafi da tulu a ka.

Lissafin a fili yake. In ruwa ya sauka ba a huɗe gonarmu cikin kwana biyu zuwa uku ba, shuka ta wuce mu, kuma zan haihu a gidan da babu hatsi. A rumbu saura irin shuka, sai ɗan geron da na ɓoye a tukunya don ranar gayya.

Wata Litinin hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Malam Dauda, dattijon cocinmu, shi ke raba ranakun gayya. Ya zo da sandarsa ya dubi ƙafar Yohanna, ya dubi cikina, ya ce, "'Yata, ki dama kunu. Laraba gonarku za mu fara."

Na jiƙa geron nan duka. Talata na niƙa a dutse ina hutawa, na sa tsiro da citta da ɗan dankali, na tace, na cika babban tulu na rufe da faifai. Ban taɓa ko kurɓa ɗaya ba, ko da yake cikina yana kuka.

Laraba gari ya waye tas. Hadarin ya zagaye mu ya tafi ya zuba wa wasu. Ƙasa kamar dutse, garma ba ta shiga. Malam Dauda ya aiko cewa a dakata. Alhamis ma shiru. Na ja tulun zuwa lungun da ya fi sanyi, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, amma wane sanyi a wannan shekarar? Da yamma na kasa kunne na ji yana 'yar magana a ciki.

Wani abin kuma ya ƙara mini damuwa. Yawancin samarin gabas sun tafi neman aiki birni saboda yunwa, waɗanda suka rage kowa nasa filin yake kallo. Malam Dauda ya ƙirga mini mutum biyar, har da shi mai furfura. Mutum biyar ba za su ci rabin gonarmu a yini ba. Ranar Alhamis ɗin nan na haɗiye girman kaina, na taka busasshen rafi na nufi gidanmu.

Na tarar da Baba yana gyaran ƙotar garma. Na durƙusa da ƙyar na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Me za a sha?" ya ce.

"Kunu, Baba."

"To ki kai wa masu shan kunu."

Iyakar maganar ke nan. Na tashi, hawaye na zuba, haushi kuma ya fi hawayen yawa. Innata ta raka ni bakin rafi, ta cusa mini ƙullin daddawa a zane.

Juma'a da azahar ruwa ya sauka. Ban taɓa jin irinsa ba. Ɗigon farko ya faɗi a tsakar gida ya ta da ƙura, sai na biyu, sai sama ta ɓalle. Yara suka fita tsirara suna ihu, mata suka jera tukwane a bakin indararo. Yohanna ya ja jiki ya fito ya zauna a cikin ruwan yana dariya. Ni ma na yi murna, amma rabin hankalina na kan tulu. Gobe Asabar, ita kaɗai ce ranarmu, don Lahadi ba a noma, Litinin kuwa kowa zai faɗa tasa gonar.

Ruwa na tsagaitawa na ɗaga faifan. Kunun ya yi kumfa, yana tsaki, tsaminsa har ido. Na ɗanɗana. Ba giya ba ce irin ta gidanmu wadda ake dafawa kwana da kwanaki, amma ba kuma kunun da zan miƙa wa dattijon coci ba ne hankali kwance. Dokar cocinmu kowa ya san ta: wadda ta ba da abin maye za a sa ta horo, ta koma bencin baya, a hana ta jibin Ubangiji. Wannan ma da sauƙi. Abin da na fi tsoro shi ne su shinshina su saɓa garmunansu su tafi. Ga shi ni 'yar Fada ce ta asali, dama ana jira a ga ranar da halin gida zai fito. Ba ni da wani geron. In na taɓa iri, me za a shuka?

Ina tsugune gaban tulun sai ga Inna, jiƙe sharkaf, ta hayo rafi kafin ya cika wai ta zo duba ni. Ta leƙa tulun, ta shaƙa, ta sa yatsa ta lasa. Na ga gefen bakinta ya motsa.

"Inna, na shiga uku," na ce.

"Rufe shi," ta ce. "Kar ki ƙara masa ruwa, kar ki rage." Ta gyara ɗaurin zane ta koma da sauri.

Asabar na kai tulun gindin ɗorawar da ke tsakiyar gona, ni da wata maƙwabciya. Ƙasa ta yi laushi, tana tururi, gari ya cika da kukan kwaɗi. Malam Dauda ya yi addu'a, su biyar suka jera daga gefen gabas suka fara. Ina bin su da iri a ƙwarya, ina duban girman gonar ina duban bayansu, zuciyata ta karye.

Rana ta ɗan ɗaga sai na ji ƙarar garma daga wancan gefen. Na ɗago. Baba ne da mutum takwas na Unguwar Fada, Inna na biye da su. Ba sallama, ba gaisuwa. Suka jera daga yamma suka duƙa. 'Yan gabas suka tsaya suka dubi Malam Dauda. Shi kuwa ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da huɗa, sai su ma suka ci gaba. Daga baya na ji abin da Inna ta je ta faɗa a gida, wai 'yarka ta yi maka giya a ɓoye, ta sa kanta cikin hatsari saboda kai, in ka ga dama ka bar ta ta zube.

Aka yi ta aiki, kowane gefe na satar kallon ɗaya. Ba wanda yake so a ce nasu ne suka fara gajiya. Ban taɓa ganin gaba ta yi amfani irin na ranar ba.

Da rana ta take, dole aka zo inuwa, inuwar kuwa ɗaya ce, tulun ma ɗaya. Suka zauna rukuni biyu, tulu a tsakiya. Na ɗebo a ƙwarya na durƙusa gaban Malam Dauda, don shi ne babba. Ya karɓa, ya kai hanci, ya tsaya. Ya dube ni. Ya dubi cikina. Ya juya ya dubi sauran gonar da ba a huɗe ba. Ni dai na sadda kai ina jiran hukunci.

Ya kafa kai ya sha, ya goge gemu.

"Kunu ne," ya ce da ƙarfi. "Ya kwana, amma kunu ne."

Ishaya ƙanen mijina, wanda bai daɗe da shiga ƙungiyar mawaƙa ba kuma yake ganin ya fi fasto tsoron Allah, ya ce, "Malam, ai kumfa yake yi."

"Kai ma in aka rufe ka a tulu kwana huɗu cikin zafin nan za ka yi kumfa," in ji Malam Dauda. "Karɓi ka sha."

Wani daga cikin 'yan Fada ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Na sake cika ƙwaryar na kai wa Baba. Rabon da in miƙa masa wani abu hannu da hannu tun kafin aurena. Ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai sayen goro, mutanensa duk sun zuba masa ido.

"Giya ce," ya ce, shi ma da ƙarfi. "Hannun yarinya ne, ba ta nuna sosai ba. Amma giya ce."

Kowa ya ji abin da kowa ya faɗa. Na jira a tashi faɗa. Malam Dauda ya ɗaga kai yana nazarin 'ya'yan ɗorawa. Baba ya duƙa yana cire ƙaya a ƙafar da ba ƙaya. Ƙwarya ta yi ta zagayawa, gabas ta sha kununta, yamma ta sha giyarta, har aka ga gindin tulu. Ishaya sau uku ya karɓa.

Kafin rana ta faɗi suka haɗu a tsakiyar gona. Kunya ta ƙarshe Baba ya ja ta daga can, Malam Dauda daga nan, garmunansu suka kusa karo. Suka miƙe suna haki. Malam Dauda ya ce, "Sannu da aiki." Baba ya ce, "Yauwa." Ni da Inna muka rufe iri na ƙarshe da diddige. A wannan kakar na haifi Alheri, da sabuwar dawa aka yi mini kunun jego.

Mista Wili ya jujjuya hularsa a hannu. Can ya ce, "Daga nan sai garin ya haɗe?"

Na ce ina! Washegari ƙararrawa biyu aka buga kamar kullum. Da shekara ta zagayo aka koma gayyar giya da gayyar kunu. Ko a nan Greensboro, in mutanenmu suka yi bikin Kirsimeti, lemo ne a kan tebur, 'yan Fada kuwa sai ka ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin ajiye motoci, wai za su duba taya. Baba kuma har ya mutu bai shiga gidana ba. Gona dai ba gida ba ce, in ji shi, don haka duk shekara yakan zo shi kaɗai ya fara daga gefen yamma.

Ya tambaye ni ko ina ganin ƙasarsu za ta haɗe. Na ce ban sani ba, Mista Wili, ni ko garin nan naku mai suna biyu ban san inda yake ba. Abin da na sani, mun ci tuwo a shekarar. Ya karɓi gorar ya ɗan kurɓa, ya runtse ido, bai kira shi giya ko kunu ba, ya koma wurin kabejinsa.

Akwai abin da ban gaya masa ba, don Turancina ba zai ɗauke shi ba. Ranar gayyar, da aka watse, na bi Baba da garmarsa zuwa bakin rafi. Rafin ya kawo, jan ruwa na gudu. Mutanensa suka haye, shi ya tsaya yana wanke ƙafa, ya ba ni baya.

"Sisiliya."

"Na'am, Baba."

"Abin nan naki kunu ne. Tun kafin a haife ki nake shan giya, na san giya."

Na ce, "To Baba, me ya sa ka ce..."

Ya karɓi garmarsa ya saɓa, har yanzu bai dube ni ba.

"In ban kira shi giya ba," ya ce, "ta wace hanya zan zo gonar 'yata?"